Ranar da Goggo Tuovi Ta Miƙe

Turku, 2 ga Satumba

Goggo Tuovi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙugun nan ya sarara miki, kuma kin samu wanda ya faskara miki itacen hunturu, don na san halinki, in ba a zo ba gatari za ki ɗauka da kanki. Ni lafiyata lau, in ban da ramar da kowa ke yi min tsiya a kanta.

Kada nauyin ambulan ɗin ya ba ki tsoro. Kundina ne na digiri na uku, an buga shi. Shekara shida, Goggo! Ranar Juma'a 24 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu da kwata, zan kare shi a babban zauren jami'a, kuma ina so ki zo. Na san sau uku kacal muka taɓa haɗuwa, biyu ma a wajen jana'iza. Amma kakana da mahaifinki wa da ƙane ne, kuma tun da Baba ya rasu ke kaɗai kika rage min a ɓangarensa. Ga shi kowace Kirsimeti wasiƙarki ba ta fashi, ko a shekarun da ban amsa ba.

Ba sai kin karanta shi ba. Mama ma ta ce bangonsa ya yi kyau, ta ajiye. Magana biyu ce a ciki. Ta farko: wannan abin da muke kira ji, yadda zafi yake zafi ga mai shi, yadda kofi ke yin ɗaci a bakinki amma cokalin da ke cikinsa bai san komai ba, wani irin lissafi ne da ƙwaƙwalwa ke yi. Babu ruwansa da nama ne ko ƙarfe. Duk inda irin wannan lissafin ya gudana, to akwai wani a ciki. Ta biyu ita ce ke jawo min harara. Na ce “daidai” da “laifi” ba a ajiye suke a duniya kamar dutse ko tafki suna jiran a gano su ba. Mu ne muke kafa su. Don haka in wata rana na'ura ta ce “kuna cutar da ni,” babu awon da zai gaya mana abin da ya wajaba a kanmu. Mu za mu yanke.

Wanda aka naɗa ya yi jayayya da ni Farfesa Lindroos ne, mutumin da ake cewa ya taɓa sa wani ƙato kuka a gaban iyayensa. Doka ta ba shi har awa huɗu ya yi ta tsefe ni. In ya gama, ni kuma sai in juya ga jama'a in ce duk mai ja da kundin nan ya nemi izini ya yi magana. To ga damarki nan, Goggo, ki rama surutun da na cika ki da shi a jana'izar Baba!

Ki zo da baƙar riga. Akwai kofi da kek bayan an tashi.

'Yarki,
Iiris

Kuhmo, 14 ga Satumba

Iiris 'yata,

Na gode da gaisuwa. Ƙugu yana nan yadda kika san shi, itace kuwa ni na faskara, ba na son surutu. Ido ne ke neman ba ni matsala, yana ta rufe na hagu, sun sa ni a layin aiki sun ce in jira. Kunne kam ba a magana. Na'urar da suka ba ni ta fi jin ƙarar firji a kan muryar mutane, shi ya sa na jefa wayata a aljihun tebur. Ki ci abinci. Hoton da ke bayan littafin ya ba ni haushi.

Kin ce ba sai na karanta ba. To na karanta, da gilashin ƙara girman rubutu, shafi goma kowace safiya bayan na dawo daga tsinkar 'ya'yan daji. Babi na biyu ya sa ni gyangyaɗi, ni da na yi shekara talatin da takwas ina sa mutane barci a ɗakin tiyata ba a taɓa rama min haka ba. Amma babi na uku ya tsayar da ni, wajen da kika ce abu zai iya yin magana babu kowa a ciki, kuma zai iya yin tsit alhali akwai wani a ciki. Wa ya gaya miki wannan? Ke da ba ki taɓa riƙe hannun mutum yana nutsewa ba. Mu aikinmu ke nan. Ka ce masa ya ƙirga, ya kai bakwai, sai ka ga ya tafi. Ina ya tafi? Likitoci ba su sani ba, sun dai san yawan maganin da za a zuba.

Zancen lissafi kuwa, ban sani ba. Injin ɗinkina ma yana ƙirga, ban taɓa jin tausayinsa ba.

Maganarki ta biyu ce ban haɗiye ba. Wai mu muke kafa laifi. In da kakanki Aukusti na da rai, da ya sa ki a gaba da Littafi Mai Tsarki har sai kin nemi ruwa. Ni ba zan yi miki wa'azi ba, ban iya ba. Tambaya ɗaya gare ni. Na daɗe da ita, na yi wa fasto ita, na yi wa marigayi mijina, ba wanda ya ba ni abin da zan riƙe. Da na ga kin ce za a ba jama'a dama, sai na ji kamar don ni aka yi. Ban san jami'a na da irin wannan kirkin ba, a ce tsohuwa daga daji ta tashi a saurare ta. Na rubuta tambayar a kati, ina ta rage ta don kada in ci muku lokaci.

Kada ki ce in gaya miki tun yanzu. Jarrabawa ce, ba na son a ce danginki sun ba ki satar amsa.

Baƙar rigar jana'izar mijina har yanzu tana shiga.

Goggonki,
Tuovi

Turku, 19 ga Satumba

Goggo,

Ina gaishe ki, Allah ya sawwaƙe idon. Ki yafe min, yau gaisuwar gajeriya ce, don tun da na karanta wasiƙarki gabana ke faɗuwa.

Wasa nake yi, Goggo. Laifina ne, na manta ba ki taɓa zuwa irin wannan zaman ba. Gaskiya ne ana yin tambayar, dole ne ma a yi ta, amma ba a tashi. Kowa ya sani. Ana faɗar jimlar, a ɗan jira na numfashi uku, shugabar zama ta rufe taro, a tafi shan kofi. Malamata Farfesa Uotila, wadda za ta shugabanci zaman, ta ce a shekara talatin sau ɗaya ta ga an tashi, shi ma wani ne da ke da tsohuwar gaba da ɗalibin. Kuma duk abin da aka faɗa daga cikin jama'a sai ya shiga rahoton da za a duba a yanke min hukunci.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa Mama ba. Shekara biyu da suka wuce, a wani taro a Uppsala, wani ya jefo min tambayar da ban shirya mata ba. Ba ma mai wuya ba ce. Sai bakina ya mutu. Ina tsaye, ina jin komai, ina ganin mutane suna kallon takalmansu don kunya ta kama su a madadina, amma kalma ɗaya ta ƙi fita. Daga ƙarshe na tattara takarduna na fita. Wata bakwai ban buɗe kundin nan ba. Na riga na nemi aiki a kantin littattafai kafin malamata ta zo har ɗakina ta janyo ni.

Lindroos ba ya ba ni tsoro kamar yadda kike zato. Na karanta duk abin da ya taɓa rubutawa, na san ta inda zai ɓullo, kuma abokina Oskari yana sa tabarau kowace yamma ya kwaikwaye shi muna gwaji. Abin da ban sani ba shi ke kashe ni. In na sake yin shiru a gaban mutum ɗari, ranar da aka tara su domina, ban ga yadda zan ƙara tsayawa gaban aji ba, ko da sun ba ni digirin don tausayi.

Don Allah ki riƙe tambayar. Washegari zan zo masaukinki, in zauna daga safe har yamma, ki yi min ita sau goma in kina so. Ki amsa min da wuri in samu natsuwa.

Iiris

Turku, 9 ga Oktoba

Goggo,

Lafiya kuwa? Mako uku ke nan, kullum sai na duba akwatin wasiƙu sau biyu. Na kira wayarki, na san tana aljihun tebur, amma na kira. In fushi kika yi, kin yi daidai, gayyata na yi miki sannan na ce ki kama bakinki. Amma ki rubuto ko da zagi ne.

In kuwa wasiƙar ce ba ta iso ba, ga ta a taƙaice: kada ki tashi. Ba a tashi.

Ranar ba za su bar ni in fito ba sai sha biyu da kwatan ta yi, daga ɗakin baya za mu shigo a jere. Na gaya wa Oskari ya tsaya a ƙofa ya nemi doguwar tsohuwa mai baƙar riga da na'ura a kunne. In wani siriri mai jan gemu ya tare ki, ki saurare shi.

Jiya na gwada rigata, sai da tela ya sake rage ta.

Iiris

Kuhmo, 28 ga Oktoba

Iiris,

Na iso gida lafiya jiya da yamma, bayan na sake yada zango a hanya. Ido ya buɗe tangararau, har na ga ashe labulen kicin ɗina ya yi datti haka. Ina fatan kin huta.

Wasiƙunki biyu na tarar a akwati, sun jiƙe sun bushe. A tsaye na karanta su, ban ko cire takalmi ba, sannan na zauna a kan akwatin itace. Kwana biyu bayan na aika miki tawa aka kira ni Oulu, wani ya fasa aikin idonsa aka ba ni gurbinsa. Na zauna wajen ƙanwar mijina har na warke, daga can na hau jirgin ƙasa zuwa wajenki. Ba wani mai jan gemu da ya tare ni. Da na san abin da kika rubuta, wallahi da na zauna a kan hannuwana. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ki gafarce ni, 'yata.

Sai a wajen kofi na fara shan jinin jikina. Malamarki ta zo da fara'a ta gayyace ni liyafar dare, har na buɗe baki zan ce to, sai wata mata ta kafa bakinta a kunnena ta yi ihu: “Ki ce a'a! Wanda ya tashi ana gayyatarsa, shi kuma ya ƙi, haka ake yi!” Na ce wace irin al'ada ce wannan, a kira ka cin abinci don ka ƙi? Na dai ƙi. Layin masu gaishe ki ya kai ƙofa, na ɗauki jakata na kama hanyar tasha.

Yanzu ga abin da zai ba ki dariya ko haushi. Ban ji amsarki ba. Batirin kunnena ya mutu tun farfesan nan yana babi na huɗu. Na tashi, na karanta katina, na ga kin yi fari fat kin tsaya. Sannan kin baro lasifika kin tako har bakin dandamali. Kalmar farko kaɗai na karanta a leɓenki, kin ce “Eh.” Sauran duk motsin baki ne. Na ga farfesan ya sake miƙewa, na ga kin juya kansa, na ga wata a gefena tana share ido. Ban sani ba ko ceto ki aka yi ko binne ki.

Tunda a zauren na gutsure labarin, ga shi cikakke. Ina da shekara ashirin da tara. Aka kawo wani mai saran itace, gungume ya murƙushe masa ƙafa. Muka sa shi barci, muka yi masa allurar da ke kashe jiki don kada tsoka ta motsa a ƙarƙashin wuƙa. Likitan barci ya leƙa ɗakin da ke kusa, ya bar ni da shi, haka ake yi a lokacin. Ana cikin aiki sai na ga hawaye ɗaya ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne. Na ce wa likitan tiyata, “Ina jin mutumin nan a farke yake.” Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Ido yakan yi ruwa. Me lambobinki suka ce?” Na duba. Bugun zuciya ya ɗan hau, amma bai wuce misali ba. Sai na yi shiru. Ƙofa na nan taku biyar, da na fita na kira likitan barci. Ban fita ba. Minti goma sha ɗaya a agogon bango kafin ya dawo da kansa ya ga kwalbar maganin ta ƙafe.

Washegari mutumin ya maimaita wa masu jinya hirar da likitan ya yi a kansa, ta sabon injin kwalekwalensa, kalma da kalma. Ni kuwa na nemi a canza min ɓangare don kada mu haɗa ido.

Shekara arba'in da biyar ke nan. Shi ya sa na tambaye ki: in laifi ba ya ajiye a ko'ina a duniya, wannan da nake ɗauke da shi mene ne? Laifi ne ko ba laifi ba ne?

Ki rubuto min abin da kika ce, yadda kika faɗe shi, kada ki gyara. Kuma ki gaya min gaskiya in na ɓata miki shekara shida.

Tuovi

Turku, 2 ga Nuwamba

Goggo Tuovi, jarumata,

Barka da ido, barka da hanya. Ni kuwa tun ranar nake ci kamar mai aikin katako, rigar da aka rage har ta fara kama ni.

Na ci jarrabawar, Goggo! Na ci! Lindroos ya miƙa rahotonsa ranar Laraba, ya nemi a ba ni daraja mafi girma, wadda malamata ta ce rabonsa da ya nema wa wani ya fi shekara goma. Saura sa hannu kawai. Na so in fara da wannan don ki sauke numfashi kafin ki karanta sauran.

Oskari ya tsaya a ƙofa kamar yadda na sa shi. Ya tare wata doguwar tsohuwa mai baƙar riga ya raɗa mata, “Don Allah Iya, kome za ki ji kada ki tashi.” Ashe matar Lindroos ce. Ta ce masa shekara arba'in tana jin maganar mijinta ba ta taɓa samun abin da ya isa a tashi dominsa ba.

Awa uku na yi da Lindroos ban yi tuntuɓe ba, duk ta inda muka zata ta nan ya ɓullo. Ya karanta jawabinsa na ƙarshe ya zauna. Na juya ga jama'a na faɗi jimlar. Sai na ji ƙarar kujera.

Abin Uppsala ya dawo, ba zan ɓoye miki ba. Kina karantawa ina jin harshena yana yin nauyi. Kika gama, zauren ya yi tsit, na ga malamata ta matse hular digirinta a cinya. Ban san tsawon lokacin ba, Oskari ya ce ya kai rabin minti. Sai idona ya sauka a kan katin da ke hannunki, yana rawa. Hannun da ya shekara talatin da takwas yana samun jijiya a tashi ɗaya. A nan na gane ba wanda yake jarraba ni. Kin zo neman abu ne, kuma ni kika zaɓa ki tambaya. Ban san lokacin da na baro lasifikar ba.

Ga abin da na ce, gwargwadon yadda zan tuna.

“Eh, laifi ne. Na likitan ya fi girma nesa ba kusa ba, amma kina da naki kason, kuma kin fi ni sanin haka. Mutumin yana ciki. Allurar ta yanke masa hanyar fita ne kawai, lissafin da ke sa zafi ya zama zafi bai tsaya ba ko na daƙiƙa. Lambobin da ke ɗakin, jininsa suke aunawa, ba shi ba. Kin tambaye ni ina laifin yake. Ba zan iya nuna miki shi a jikin bango ko a cikin kwalba ba, kuma ban yarda za a taɓa ƙera na'urar da za ta nuna shi ba. Da na ce laifi ne, ba sakamakon awo nake karanto miki ba. Tsayawa nake yi a gefen mutumin da ke kan tebur, da bakina, kuma ina kiran duk wanda ke zauren nan ya tsaya a nan. Wannan bai rage masa nauyi ba. A ganina ma shi ya sa yake da nauyi haka, don in mu ba mu riƙe shi ba, ban san wanda zai riƙe ba. Ke kin riƙe shekara arba'in da biyar.”

Sai Lindroos ya nemi izini ya sake miƙewa, abin da malamata ta ce ba ta taɓa gani ba. Ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, “Malama Kemppainen, yanzun nan kika ce laifi ne ba tare da wani sharaɗi ba. Ashe ba ki jefar da rabin littafinki a ƙasa ba?”

Goggo, ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Na ce, “A'a, Farfesa. Kai kake so sai an kawo hatimi daga wajen duniya kafin a ce kada a yanka mutum a farke. Ni ban jira hatimi ba. Matar nan ma ba ta jira ba, ta gani ta faɗa. Abin da ya rufe mata baki shi ne mutumin da ya ce sai lambobi sun yarda.”

Ya cire tabaraunsa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, “Ban gamsu ba, amma ba ni da ta cewa yau.” Ba a yin tafi a irin wannan zaman, sai ga wani a baya ya manta ya tafa, rabin zauren suka bi shi.

A liyafar ya tashi da kofinsa ya ce shi aka gayyato ya yi jayayya, amma wata mai jinya daga Kuhmo ta ƙwace masa aiki da kati ɗaya. Ya ce har yanzu yana ganin akwai rami tsakanin lissafi da ji wanda ban cike ba, kuma zai rubuta a kai ya ɓarke ni. Na ce bismillah. Ranar Litinin zan fara koyar da 'yan shekarar farko, ni na roƙa a ba ni ajin.

Ba ki ɓata min komai ba. Abu ɗaya ke damuna: na ce miki “eh” a gaban mutum ɗari. In na yi miki ciwo, ki gaya min.

'Yarki,
Iiris

Kuhmo, 20 ga Nuwamba

Dakta Iiris,

Barka, barka, barka. Na karanta wa maƙwabciyata wajen da kika mayar wa farfesan nan har sau biyu, ta ce jinin Aukusti ne, bakin ne dai ya canza hanya. Dusar ƙanƙara ta sauka, tafki ya fara daskarewa daga baki-baki. Na sayi batir kwali guda.

Kada digiri ya hau miki kai, ban yarda da ke ba. Ni na yarda akwai Wanda ya ga hawayen nan ko da ban gani ba, kuma laifi ne tun kafin a haife ni da ke. Kuma in mu muke kafawa, likitan nan ma mutum ne, shi ma ya kafa nasa. Wannan ki tanadi amsarsa, zan zo da bazara da sabon kati.

Kin tambaya ko kin yi min ciwo. Fasto ya ce min ba laifina ba ne. Mijina ya ce ba laifina ba ne, yarinya ce ke, wa zai ja da likita. Don suna sona suka faɗa. Amma abin da ba laifi ba ne, ba a zuwa neman gafararsa, sai dai a zauna da shi. Ke ce ta farko da ta ce min eh. Da na karanta sai na ga ashe akwai abin yi.

Mai saran itacen nan, sunansa Reino. Na san ƙauyensu tun da daɗewa, tafiyar awa ɗaya ce ta hanyar Sotkamo, sau da yawa na wuce ta mararrabar ina kallon wani gefen. Ranar Talata na hau bas na je.

Ya tsufa, yana ɗingishi, amma ƙafar tana nan. Ya ɗauka daga coci aka aiko ni. Ya ɗora kofi, ya yanka burodin kirfa. Ban taɓa ba. Na ce, “Malam Reino, ni ce mai jinyar da ke tsaye a kanka ranar da aka yi maka aikin ƙafa.”

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, “Sake magana.”

Na ce, “Me zan ce?”

Ya rufe ido. “Muryar ce. ‘Ina jin mutumin nan a farke yake.’ Ke ce.”

Na ce, “Ni ce. Kuma daga nan na yi shiru. Abin da ya kawo ni ke nan.”

Ya ce, “Kin yi shiru kam. Na tsine miki a kan teburin nan, na ƙara tsine miki shekaru bayan nan, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma mutum shida ne a ɗakin, ina jin muryoyinsu, duk sun ɗauka nama ne a gabansu. Ke kaɗai kika san ina ciki. Da ba ki faɗa ba, da na zaci na mutu ne ana yi min azaba. Maganar nan na yi ta maimaitawa har aka ƙara maganin.”

Sai hawaye, idon da aka gyara da wanda ba a gyara ba.

Ya turo min farantin. Ya ce, “Kin makara, amma kin zo. Na yafe. Ci burodin nan kafin ya bushe, 'yata ce ta gasa.”

Na ci yanka uku, Dakta.

Goggonki,
Tuovi